Ƙwaya, filasta ko jel: wane maganin ɗaukewar al'ada ne ke jure zafin Katsina?

"Likita, maganin ga bai karɓe ni ba." Da wannan magana mata da yawa ke komawa asibiti sati uku ko huɗu bayan an ɗora su a kan maganin da ke maye gurbin sinadaran homon da ke raguwa a jikin mace lokacin ɗaukewar al'ada, wanda ake rubuta wa HRT a katin asibiti. In aka zauna aka bi diddigi, sau da yawa ba maganin ne ya ƙi ba. Ko dai an yi masa gaggawa, ko an yar da rabinsa an riƙe rabi, ko zafin gari ya ɓata shi, ko kuma ya ƙare a kantin magani an ba Hajiya "ɗan'uwansa" alhali ba uwa ɗaya suke ba. Wannan sharhi a kan nau'o'in maganin ne, da yadda kowanne ke kasancewa a hannun macen da ke zaune a Katsina ko Daura.

Maganin ƙafa biyu gare shi. Ta farko isturojin, shi ne ke kwantar da zafin nan da ke tasowa daga ƙirji zuwa fuska kamar an tura kai cikin tanda, da gumin dare da ke sa a tashi a sauya rigar barci, da bushewar gaba, yana kuma kare ƙashi daga zaizayewa. Ta biyu furojesteron, aikinsa tsare bangon mahaifa. Isturojin shi kaɗai yana sa bangon mahaifa ya yi ta kauri, kaurin kuma na iya rikiɗewa ya zama ciwon daji. Saboda haka duk macen da mahaifarta ke nan dole ta haɗa biyun. Wadda aka cire wa mahaifa ita ce ke shan isturojin zalla.

Ƙwaya ita ce aka fi sani, kuma ita ta fi sauƙin samu. Progynova isturojin ne zalla, mai miligiram 1 ko 2. Cyclo-Progynova kati ne mai ƙwaya 21: farare 11 isturojin ne kaɗai, ruwan ƙasa-ƙasa 10 haɗi ne, sai a huta kwana 7 jini ya zo. Sunayen sun yi kama, abin da ke ciki kuwa ya bambanta, kuma nan ne kuskure mafi haɗari ke faruwa: mai mahaifa ta aika yaro ya sayo na biyun, a ba shi na farkon, ta shafe watanni tana shan isturojin ba mai tsaron mahaifa. Ƙorafin da ake yi da Cyclo-Progynova shi ne kwana bakwan hutun nan, domin wasu zafin da gumin kan dawo musu kafin su fara sabon kati. Femoston ba shi da wannan giɓi. Ƙwaya 28 ce, 14 na farko isturojin, 14 na ƙarshe haɗi, yau kati ya ƙare gobe a buɗe sabo. Akwai 1/10 da 2/10, lambar farko ita ce yawan isturojin. Akwai kuma Femoston conti, wanda duk ƙwayoyinsa iri ɗaya ne, an yi shi don wadda ta shekara ba ta ga al'ada ba.

Premarin tsohon hannu ne, kuma yana aiki. Sai dai daga fitsarin goɗiya mai ciki ake tace shi, kuma ya kamata a gaya wa mace haka kafin ta saya, ba ta ji a bakin wata a gidan biki ba.

Amfanin ƙwaya shi ne ba ruwanta da gumi, ba ruwanta da wanka, a azumi kuma sai a mayar da ita bayan buɗa-baki. Aibinta ɗaya ne amma babba: sai ta bi ta hanta kafin ta shiga jini, hanta kuma sai ta ƙara fitar da sinadaran daskarar da jini. Shi ya sa ƙwaya ke ƙara haɗarin gudan jini a jijiyar ƙafa ko huhu, abin da na shafawa da na mannawa ba su yi a ma'aunin da aka saba. Mace mai ƙiba sosai, ko mai sikila, ko mai ciwon ɓarin kai, ko wadda hawan jini ko suga ya daɗe a jikinta, likita zai fi karkata da ita zuwa hanyar fata. Haka nan wasu magunguna na cinye ƙarfin ƙwayar a hanta, musamman rifamfisin da ke cikin maganin tarin tibi, da kabamazefin da fenitoyin na farfaɗiya. Mai shan maganin ƙarancin homon maƙoshi, wato lebotairoksin, ita ma takan buƙaci a sake auna ta bayan ta fara isturojin na haɗiya, don ma'auninta na da na iya daina isarta. Tashin zuciyar makonnin farko yakan lafa in ana shan ƙwayar bayan abinci.

Filasta a takarda ita ce sarauniya. Ana manna ta sau biyu a mako, misali Litinin da Alhamis, tana sakin magani a hankali dare da rana. Irin su Evorel da Estradot suna zuwa da lambobi 25, 50, 75 da 100, wato maikurogiram nawa take saki a awa 24. A lokacin hunturu ba ta da matsala. Amma daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40, labari ya sha bamban. Da safe an manna ta lafiya lau, kafin La'asar gefenta ya naɗe kamar busasshen ganye, zaren zane ya maƙale a gam ɗin ya yi baƙin zobe. Filastar da rabinta ya ɗaga rabin magani take bayarwa, sai mace ta ga zafi ya dawo ta ɗauka ma'aunin ne ya yi mata kaɗan, a ƙara mata lamba, alhali mannewa ce ba ta yi ba.

In dai filastar za a riƙe, ga abin da ke sa ta zauna. A manna ta ƙasa da ƙugu, a saman ɗuwawu ko ƙasan mara, ban da inda ake ɗaure zane ko inda robar siket ke gogawa, kuma kada a kusanci nono da ita. Fatar ta bushe sarai, ta huce, ba mai, ba hoda. Man kaɗanya da basilin da muke labtawa a hunturu su ne manyan abokan gabarta, ko na jiya ne ya saura a fata sai ta zame. A danne ta da tafin hannu har a ƙirga talatin, ɗumin hannun ne ke kama gam ɗin. Kowane canji a sauya wuri, kada a koma inda aka cire sai bayan mako. In ta faɗi a sa sabuwa, amma ranar canji ta zauna yadda take. Wasu fatarsu takan yi ƙaiƙayi ta bar tabo mai duhu da ke daɗewa bai goge ba. In haka ta faru a sauya kamfani tukuna, don gam ɗinsu ba iri ɗaya ba ne. Sannan a lura: Evorel 50 isturojin ne zalla, Evorel Conti shi ne mai haɗi. Kalma ɗaya ce ta raba su a jikin kwali. Batun wankan tsarki da filasta a jiki kuwa, tambaya ce ta malamai, kuma gara a yi ta tun kafin a kashe kuɗi.

A ganinmu jel ne ya fi dacewa da yanayin nan, in za a same shi ba yankewa. Oestrogel kwalba ce mai famfo, kowace dannawa tana fitar da miligiram 0.75, ana yawan farawa da dannawa ɗaya ko biyu a rana. Kwalbar tana da dannawa 64, ke nan mai yin biyu kullum za ta yi kwana 32 da ita. Sandrena kuma 'yan ƙananan sacet ne na miligiram 0.5 da na 1. Daɗin jel shi ne sauƙin daidaitawa: in za a ƙara ko a rage, dannawa ɗaya ce, ba sai an sayi sabon kwali ba.

Amma yana da sharuɗɗansa, kuma a nan mata suka fi yin asara ba su sani ba. Ana shimfiɗa shi siriri a fili mai faɗi, a bayan damtse zuwa kafaɗa ko a cikin cinya, ba a murza shi kamar man zafi. A bar shi minti 5 ya bushe kafin a sa tufafi, sannan awa guda cikakkiya ba wanka, ba shafa mai a wurin. Macen da ta shafa a hannu daga wuyan hannu zuwa gwiwa, ta tashi ta yi alwalar Azahar bayan minti ashirin, ta wanke maganinta ta zubar a rariya. Cinya ta fi, don ruwan alwala ba ya isa can. A bazara da ake wanka sau biyu ko uku, lokaci mafi kyau shi ne bayan wankan ƙarshe na dare. A wanke hannu bayan shafawa, kuma kada jika ya kwanta a kan wurin ko maigida ya taɓa kafin awa ta cika, don maganin na iya komawa jikinsu. Akwai sinadarin alkohol a cikinsa, shi ke sa ya bushe da wuri, saboda haka kada a shafa a nufi murhu ko kaskon turaren wuta yana ɗanye. Sabuwar kwalba kuma dannawar farko ba ta cika ma'auni, a zubar da abin da ya fito.

Babban aibin jel da filasta a nan shi ne samu. Ba kowane kantin magani ke ajiye su ba, wani lokaci sai an yi oda daga nesa ko an ba mai tafiya sautu. Maganin da za a yi wata biyu ana shafawa, a yi wata ɗaya babu, ya fi ƙwayar da ake samu kullum wahalar da jiki, domin hawa da saukar homon ɗin ita ce ainihin abin da ke kawo zafi da ciwon kai. Don haka kafin a zaɓa, a tambayi mai harhaɗa magani ko zai iya kawowa a kai a kai. In dole ta sa a sauya, likitoci na da ma'aunin kwatance: filasta mai lamba 50 tana kusa da dannawa biyu ta Oestrogel, ko Sandrena miligiram 1, ko ƙwaya miligiram 2. Kwatance ne kawai, don fatar wata ta fi ta wata tsotsa.

Mai jel ko filasta zalla, in mahaifarta na nan, tana buƙatar furojesteron daban, kuma shi ne ƙafar da aka fi yarwa. Utrogestan ƙanƙanin kafso ne na miligiram 100. Wadda al'adarta ba ta gama ɗaukewa ba tana shan biyu kowane dare na kwana 12 zuwa 14 a wata, sai jini ya zo. Wadda ta shekara ba jini tana shan ɗaya kowane dare. Yana kawo barci, shi ya sa ake shansa lokacin kwanciya, kuma ga mai fama da rashin barci wannan riba ce. Sai dai in aka sha shi a kan cikakken ciki jiki na tsotsarsa fiye da kima, a wayi gari da jiri da nauyin kai. A ba shi tazarar awa biyu da abinci. A watan azumi, da ake ci har dare ya raba kuma ana son tashi tahajjudi, wannan na buƙatar lissafi. Wasu kuma yakan sa musu kumburin ciki da ƙunci da saurin fushi a kwanakin da suke shansa, sai su bar shi shiru su ci gaba da jel, tun da jel ɗin ne ke sa su jin daɗi. Wannan shi ne abin da ba a so ko kaɗan. Akwai mafita: a koma didirojesteron, wanda aka sani da Duphaston, ko a sa robar mahaifa ta Mirena, wadda ke tsare bangon mahaifa shekara 5, tana rage yawan jini, tana kuma hana ɗaukar ciki. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, don HRT ba maganin tazarar haihuwa ba ne, kuma mace mai shekara 46 da al'adarta ke tsallake watanni na iya samun rabo. Primolut N da mata suka sani don ɗage al'ada lokacin aikin Hajji, kada wata ta ɗauko shi da kanta ta cike gurbi, ma'auninsa da aikinsa daban ne.

Kafson Utrogestan ɗin nan mai taushi ne, zafi na sa shi ya yi laushi ya manne da leda. Duk waɗannan magunguna ana so a ajiye su inda bai wuce digiri 25 zuwa 30 ba, abin da ɗaki mai rufin kwano ba ya bayarwa a Afrilu. Ƙasan durowa a ɗakin da ya fi sanyi ya fi kan taga, ya fi jakar hannu, ya kuma fi aljihun mota nesa ba kusa ba.

Batun jini shi ne ya fi tayar da hankali, kuma a nan ba lafiya kaɗai ya shafa ba. Macen da ta yi shekara biyu tana sallarta ba fashi, aka ɗora ta a kan tsarin wata-wata, sai ga jini ya dawo mata kowane wata, ga tambayar salla da azumi. Irin wannan macen, tsarin kullum-kullum, wanda ba ya kawo jinin wata-wata, shi ya kamace ta tun farko. Ita kuma wadda al'adarta ke zuwa jefi-jefi, in aka ba ta na kullum-kullum sai jinin ya rikice, yau ɗigo gobe babu. Ko an dace da tsari, ɗigon jini a watanni 3 zuwa 6 na farko abu ne da aka saba gani. Wanda ba a yi wa shiru shi ne jinin da ya zarce wata 6, ko wanda ya ɓullo bayan an daɗe lafiya, ko mai yawa da gudaji, ko mai zuwa bayan saduwa. Nan sai hoton mahaifa, a auna kaurin bangonta. Ga mai tsarin kullum-kullum, in ya wuce milimita 4 akan ɗebi ɗan nama a gwada. Masu ƙari a mahaifa, kuma suna da yawa a cikinmu, su faɗa tun ranar farko, don isturojin na iya ciyar da shi. Sashen mata na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina da Asibitin Turai 'Yar'aduwa su ne irin wuraren da ake kai wannan bincike.

Daidaita ma'auni yana son haƙuri. Zafi da gumi sukan fara lafawa cikin makonni kaɗan, amma sai an yi wata 3 ake yanke hukunci. Ciwon nono, da kumburi, da ɗan ciwon kai na farko yawanci suna wucewa da kansu. In sun ƙi, alama ce isturojin ya yi yawa, a sauka mataki ɗaya. In wata 3 ya cika ana tashi sau uku a dare a jiƙe, kuma an tabbatar ana shafawa ko mannawa daidai, a hau mataki ɗaya, daga dannawa biyu zuwa uku ko daga 50 zuwa 75. Abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda. In aka sauya jel da kafso rana ɗaya, ba mai iya cewa wanne ya gyara wanne ya ɓata. In isturojin ya kai ma'auni mai yawa, likita yakan ƙara furojesteron ma don su yi daidai. Ƙaramin littafi na taimakawa ƙwarai: kwanan wata, sau nawa zafi ya taso, sau nawa aka farka, ko an ga jini. "Da sauƙi, Alhamdu lillahi" amsa ce ta ladabi, amma likita ba zai iya auna magani da ita ba.

Ba kuma kowane gumin dare ne na ɗaukewar al'ada ba. In an kai ma'auni mai kyau bai daina ba, musamman in akwai rama, ko tari, ko zazzaɓi, ko bugun zuciya, a duba tibi da suga da maƙoshi kafin a ƙara ko dannawa ɗaya.

Akwai nau'i na huɗu da kunya ta sa ba a cika tambayarsa ba, alhali shi ne mafi ƙarancin haɗari. Bushewar gaba, da zafi lokacin saduwa, da yawan fitsari mai raɗaɗi, mata kan kira su "sanyi", a yi ta shan maganin kashe ƙwayoyin cuta kati bayan kati, wasu su koma ga kayan mata da matsi, waɗanda ke ƙara busar da fatar da ta riga ta yi siriri. Kirim ɗin Ovestin ko 'yar ƙwayar Vagifem mai maikurogiram 10 ana sa su ne a gaba, kowane dare na mako biyu, sannan sau biyu a mako. Abin da ke shiga jini kaɗan ne ƙwarai, shi ya sa ba a buƙatar furojesteron saboda su, kuma ana iya haɗa su da jel ko ƙwaya. Sukan ɗauki makonni kafin a ji bambanci, in aka daina kuma bushewar na dawowa.

Tsoron da wasu ma'aikatan lafiya ke yi wa maganin ya samo asali ne daga babban binciken WHI na Amurka, wanda aka dakatar da wani sashensa a 2002 bayan an ga ƙarin ciwon dajin nono da gudan jini. Matan da aka yi binciken a kansu matsakaicin shekarunsu 63 ne, kuma ƙwayar Premarin ce haɗe da wani tsohon furojesteron. Fahimtar yau ita ce, ga wadda ta fara kafin shekara 60, ko cikin shekara 10 da ɗaukewar al'adarta, amfanin yakan rinjayi haɗarin. Haɗarin dajin nono na nan, kaɗan ne, yana ƙaruwa da yawan shekarun da aka yi ana shan haɗin biyu. Wadda ta taɓa yin dajin nono, ko gudan jini, ko shanyewar ɓarin jiki, ko take da ciwon hanta, ko jinin da ba a gano dalilinsa ba, ba ta fara shi sai da ƙwararren likita. Wadda kuma al'adarta ta ɗauke kafin shekara 40 lissafinta daban ne, ita ana so ta riƙe shi har wajen shekara 51 don ƙashinta da zuciyarta. Kumburin ƙafa ɗaya mai ciwo, ko ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi, ko ciwon kai mai tsanani farat ɗaya, ko idanu su yi ɗorawa: a ajiye magani a tafi asibiti a ranar. Mai shan ƙwaya da za a yi wa babbar tiyata ta faɗa da wuri, don akan dakatar da ita mako 4 zuwa 6 kafin aiki.

Wajen saye, a je kantin da ke da mai harhaɗa magani mai rajista, ba kemis ɗin lungu ba. A tafi da tsohon kwalin a jaka, a ɗora shi kusa da sabon a kan kanta, a karanta sunan har ƙarshe, da lambar ma'auni, da ranar lalacewa, da lambar NAFDAC. In mai kanti ya ce, "Hajiya, wannan babu, amma ga irinsa," a ɗauki hoton kwalin a nuna wa likitan da ya rubuta kafin a ɓare. Kuma a sayo na gaba tun saura kwana 10 na hannu ya ƙare.